FILIN MATA: Aron Ado Da Satar Suna

Yau zancenmu a kan wata gardama ne da ta tashi a ƙasashen duniya, watau ko ya kamata hukuma ta kafa doka ta hana mutanen wata ƙasa ɗaukar adon waɗansu, kamar saƙa da rini da ɗinki, su mai da shi nasu. Kada ku ce wannan zancen manya ne. Zancen zanen da ke jikinku ne, da hular da kuke ɗinkawa a tsakar gida.

Ga wani abin da ya faru can ƙasar Meziko, maƙwabciyar Amurka. A shekarar 2015 matan wata ƙabila da ake kira Mixe suka yi kuka, suka ce wata shahararriyar mai ɗinki ta Faransa, Isabel Marant, ta kwaikwayi adon rigarsu ta gado tana sayarwa da tsada. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan. Da irin wannan kuka ya yi yawa, sai a 2022 gwamnatin ƙasar ta kafa doka, cewa ba mai cin kasuwa da adon wata ƙabila sai da yardar masu shi, wanda ya ƙi kuwa a ci shi tara ko a ɗaure shi.

To, kafin ku ce madalla, ku buɗe akwatunanku tukuna. Atamfar nan da ba a haɗa lefe sai da ita, asalinta rinin mutanen tsibirin Jawa ne a Indunusiya. Turawan Holan suka kwaikwaya da inji, suka kawo Afirka ta Yamma, kamfanin Vlisco kuwa da ya yi suna wajen buga ta tun 1846 aka kafa shi. Shaddar Getzner a Ostiriya ake saƙa ta. Lalle ma mu da Larabawa da Indiyawa duk muna ƙunshi. Ashe in an ce aro laifi ne, mu za a fara gurfanarwa gaban alƙali. Kuma wa zai raba gardamar Bahaushe da Banufe a kan aska takwas ta babbar riga? Wa zai ce wannan kitso na Fulani ne kaɗai, wancan na Barebari? Ado tafiya yake yi tare da fatake da auratayya, ba ya tsayawa a kan iyaka.

Amma akwai inda cuta take, watau a ɗauki aikinka a shafe sunanka. Mu ma an yi mana. Shekaru aru-aru fatake na ƙetare Sahara da jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato, ta isa hannun Turawa ta tashoshin Arewacin Afirka, suna rufe littattafai masu daraja da ita, amma sai suka sa mata suna fatar Maroko. Majemin da ya sha warin jima ba wanda ya san da shi. Yau kuma ga yadi na inji an buga masa zanen ɗauri, ana sayarwa da araha a ce rinin hannu ne, alhali marinan Ƙofar Mata a Kano da matan Abekuta masu adire suna zaune ba ciniki.

Saboda haka dokar da nake goyon baya ita ce mai tsare suna da gaskiya a ciniki. Amurka ta yi irinta a 1990: haramun ne ka sayar da kaya ka ce aikin hannun Indiyawan daji ne, 'yan asalin ƙasar, in ba su suka yi ba. Gana ma ta bi wannan hanya. A 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente cikin kayan gadon duniya, a 2025 kuma Gana ta yi wa sunan rajista, don kada a kira na inji kente daidai da na masaƙan Bonwire. Kowa ya so ya saya ya ɗaura, amma mai kwaikwayo ya faɗi gaskiya, mai cin babbar riba kuma ya nemi izini ya biya masu abin.

Sauran aikin namu ne. Ke uwargida, in kin aika kasuwa, a tambaya na hannu ne ko na inji, kada kuma ki taya aikin wata guda da kuɗin cefanen yini. Ku kuma 'yan makaranta, ku ɗauki littafi ku zauna gaban kakanninku, ku rubuta sunan kowane kitso da ɗinki da zanen faifai, da garin da ya fito. Ranar da za a je gaban alƙali shaida zai nema, ba zai karɓi "mun gada" kawai ba.

Allah ya sa albarka a sana'ar hannunmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.