Iyayenmu ƴan ritaya, ga inda ake bukatarku

Tun da aka bayyana sakamakon zagaye na farko, kusan kullum sai dattijo ya shigo ofishin jam'iyya ya ce: "Na ajiye aiki, ina da lokaci, ina za ku sa ni?" Wani tsohon malamin makaranta ne, wani jandarma, wani ma'aikacin duwan, wata ungozoma ce da ta karɓi haihuwar rabin unguwarsu. Allah ya saka muku da alheri. Amma da yawanku idan an ce ku zaɓa, sai ku ce Yamai, ko babban ofishi na Damagaram, kusa da ɗan takara. Ku gafarce ni, ni ɗanku ne: can ba a rasa mutane ba. Kujeru sun cika, shayi bai yanke ba, kowa mai ba da shawara ne. Ƙauye ne babu kowa.

Ku dubi lissafin. Ranar 27 ga Disamban 2020 ƴan takara 30 suka tsaya. Bazoum Mohamed na PNDS ya samu kashi 39, Mahaman Usman ya samu wajen kashi 17. Tazarar ba ƙarama ba ce, kuma ba za mu ɓoye muku ba. Sai dai a cikin kowane mutum goma da suka jefa ƙuri'a, shida ba su zaɓi ɗan takarar gwamnati ba, kuma a cikin goma da suka yi rajista wajen uku ba su ma fito ba. Waɗannan mutane ba a Yamai suke ba. Suna ƙauyukan Magarya da Dungas da Matamai, suna Madarunfa da Ɗan Isa da karkarar Ƙonni. Gangamin babban gari ba ya kai musu, in ma ya kai, ƙura suke gani da motoci.

Ku kuwa sun san ku. Baba, idan ka shekara talatin kana koyarwa a gari, mai garin da limamin da mai shagon bakin tasha duk ka taɓa riƙe musu hannu suna koyon rubutu. Yaron da aka turo daga birni da riga mai hoton ɗan takara zai yi magana, a ce masa "to, mun ji", ya tafi. Kai idan ka zauna bayan la'asar ka tambayi manomi nawa ya sayar da wakensa tun da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, da wa ya zo ya tambaye shi halin da yake ciki a cikin watanni 16 ɗin nan, zai gaya maka gaskiya, kuma zai saurari taka.

Wasu na cewa a tafi inda jam'iyya mai mulki a 2021 ta fi ƙarfi, kamar jahar Tawa, don can ne yaƙin yake. Niyya ce mai kyau. Amma baƙo a garin da ba a san ubansa ba, kwana nawa zai yi kafin a fara amsa masa sallama da zuciya ɗaya? Lokacin ba shi da yawa. In can ka yi aiki, ko can ka yi aure, bismilla, gidanka ne. In ba haka ba, koma inda ake kiranka da sunan yaranta.

Babban aikin kuma na ranar 21 ga Fabrairun 2021 ne. A zaɓen 2021 runfunan zaɓe sun kusa 26,000 a ƙasar nan, kowace tana bukatar wakilinmu daga buɗewa har a gama ƙidaya. Takardar sakamako da Faransanci ake cika ta. Aikina fassara ne, na san yadda mutum mai hankali yake sa hannu a kan abin da bai karanta ba don kunyar a ce bai iya ba. Ku kun yi rayuwarku kuna cika takardun gwamnati. Kun san bambancin ƙuri'ar da aka jefa da wadda ta lalace, kun san a haɗa lissafi a ga ya yi daidai da yawan waɗanda suka dangwala hannu. Sannan babu mai tsorata ku da canjin wurin aiki, kun riga kun wuce nan. Matashi mai neman aiki yana iya yin shiru idan babba ya harare shi. Wa zai harari wanda ya karantar da shi?

Iyayenmu mata, akwai zauren da namiji ba ya wucewa. Matan da ke ciki suna da katin zaɓe, wasu ba su san inda aka ajiye shi ba. Wannan naku ne.

Mutanen Ƙonni, ku tuna zaɓen ranar Lahadi ne, ranar kasuwar Illela, ga iyaka an buɗe ta a Disamban 2020. Tun yanzu a bi fatake da masu dabbobi gida gida, su jefa ƙuri'a da safe kafin su tsallaka.

Wanda ya yanke shawara ya je wurin shugaban jam'iyya na ƙaramar hukumarsa cikin makon nan, a rubuta sunansa, a yi masa takardar wakilci. Ranar zaɓe ya zo da katinsa, da tabarau, da biro biyu, da tocila mai sabon batir, da maganinsa in yana sha, don ƙidaya takan kai dare. Kada ya tashi sai an ba shi tasa takardar sakamakon a hannu.