Kujerar gem ta tseren mota: kafin mu yi oda daga waje, mu fara leƙa mai walda



Duk mai leƙa TikTok ko YouTube ya san irin bidiyon nan: matashi zaune a ɗakinsa cikin kujera irin ta motar tsere, sitiyari a hannu, ƙafa a kan totur, talabijin a gabansa, yana shan kwana kamar ransa ne a kai. Waya ba ta san birni da ƙauye ba, don haka bidiyon ya iso Bagwai, ya iso Kiyawa da Gadanya da Rimin Dako. A gidan gem da majalisar samari, idan an gama musun ƙwallo, sai ka ji ana tambaya: nawa ne irin kujerar nan, kuma wa zai kawo mana ita?

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ɗan Bagwai da ke son wannan wasa ba ya buƙatar kujerar da ta tsallako teku. Tsohuwar kujerar mota da mai walda wanda ya san aikinsa sun ishe shi, kuma abin da za su haɗa masa zai fi 'yar kamfani mai arha ƙarko. Ga dalilanmu.

Mu fara da amfanin kujerar kanta, domin da yawanmu kallon ado muke yi mata. Sitiyarin gem irin Logitech G29, wanda ya fito a 2015 kuma masu farawa da yawa da shi suke farawa, yana da inji a cikinsa. Injin nan yana ja da hannunka yana girgiza, don ya sanar da kai cewa tayar gaba ta fara zamewa ko ka hau gefen hanya. Yana juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi, kusan kamar na ƙaramar mota. Idan ka ɗaure shi a teburin da ke rawa, teburin ne zai shanye saƙon kafin ya iso hannunka. Haka birki: ka zauna a farar kujerar roba ko kujerar ofis mai taya, ka taka da ƙarfi, sai kai ka yi baya, abin takawa ya yi gaba. A wasan da ake cin mutum da rabin daƙiƙa, wannan kaɗai ya isa ya kayar da kai. Aikin kujera ke nan: ta riƙe sitiyari da birki da jikinka a wuri ɗaya, kada ɗayansu ya motsa sai da izininka. Launi da tambarin kamfani ba su da hannu a ciki.

Kada kuma wani ya ɗauka maganar yara muke yi. A 2008 kamfanonin Nissan da Sony suka buɗe gasar GT Academy, inda ake zaƙulo gwanayen gem ɗin Gran Turismo a koya musu tuƙin motar tsere ta gaske. Lucas Ordóñez na ƙasar Sifen ne ya fara lashewa. A 2011 wani matashi ɗan Birtaniya, Jann Mardenborough, ya ci gasar yana ɗan shekara 19, a 2013 kuma motarsu ta zo ta uku a rukuninta a tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa. Labarinsa ne aka mayar fim a 2023. Max Verstappen, wanda ya taɓa zama zakaran tseren Formula 1, shi ma sananne ne da tsere ta intanet daga kujerarsa ta gida. Abin lura a nan, babu wanda ya kai waɗannan matsayi don kujerarsa ta fi ta kowa tsada. Awannin da suka kwashe suna maimaita kwana ɗaya ne suka kai su.

Yanzu mu zo ga lissafi. Kujerun kamfanoni masu suna, irin Playseat da Next Level Racing, ko mai naɗewa a cikinsu takan kai dala 200 ko fiye, masu ƙarfin kuwa sun ninka haka. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,000 ta bar mu a baya. Mu ɗauka ana canjin dala a naira 1,500: kujerar dala 200 ta zama naira 300,000, kafin a yi maganar kuɗin dako da na kwastan, ga kaya mai nauyi da girma. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan kujera kawai, ba sitiyari, ba na'urar gem, ba talabijin, ta cinye albashin fiye da wata huɗu. A wajenmu ma ba kowa ke da albashi ba. Kuɗin saurayin Bagwai daga noman rani a Watari yake fitowa, daga albasa da tumatir da shinkafa, ko daga tunkiyar da ya yi wata shida yana kiwo, ko daga kabu-kabu. Kuɗin da aka sha rana aka samu bai kamata a miƙa shi ga hoton da aka gani a intanet ba. Kuma idan ƙarfe ɗaya ya karye ko noti ya ɓata a hanya, wa za ka kama?

To mene ne mafita? A kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, da wajen 'yan gwangwan da masu sayar da kayan tsofaffin motoci, kujerun gaba na mota suna nan jibge. Kujerar mota injiniyoyi ne suka zauna suka tsara ta don mutum ya yi awa biyar a kai bai gaji ba. Tana matsawa gaba da baya, bayanta yana kwantawa yana tashi. Wannan kuwa shi ne abin da ya fi muhimmanci a gidanmu, inda abu ɗaya na mutum goma ne: yaya mai tsawo zai hau, ƙane ɗan firamare zai hau, abokai za su zo ranar Juma'a da yamma. Kujerar tsere mai kama da bokiti, wadda ake yi wa kwalliya a bidiyo, an yi ta ne don ta matse direba kada kwana ta jefar da shi. A ɗakinka babu kwanar da za ta jefar da kai, zafi da matsi kawai za ka saya.

Idan za a zaɓa, a duba abu huɗu. Na farko, a ɗauki mai hannu, a bar mai lantarki, domin mai lantarki sai an nema mata batir kuma ta fi nauyi. Na biyu, a tabbatar layin ƙarfen da take zamewa a kai ya biyo ta, domin a wasu motocin layin yana manne da ƙasan motar ne. Na uku, a guji wadda ke da jakar iska ta kariya a gefenta, abu ne mai fashewa, ba a kai shi kusa da wutar walda. Na huɗu, yadi ya fi leda. Wanda ya san zafin watan Afirilu a ƙasar Kano, lokacin da awo ke haura digiri 40, ya san abin da leda ke yi wa bayan mutum. Idan soson ya mutu, mai ɗinkin kujerun mota zai sake shi da ɗan kuɗi kaɗan.

Sai wajen mai walda, kuma a nan ne ake cin riba ko a yi asara. Kada ka miƙa masa hoto a waya ka ce yi mini irin wannan, ka tafi. Ka je da kujerar da sitiyarin da abin takawa, ka zauna, a auna a jikinka. Ƙa'idar masu tuƙi ba ta da wuya: ka jingina kafaɗunka da kujera ka miƙa hannu, wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari, ka taka birki har ƙasa, gwiwarka ta rage da ɗan lanƙwasa. Idan ƙafarka ta miƙe sambal, abin ya yi nisa. Idan gwiwa tana dukan sitiyari, ya yi kusa ko ya yi ƙasa.

A yi amfani da fayif mai kusurwa huɗu, mai kauri, ba irin na ƙofar shago mara nauyi ba. A tsayar da ƙafa biyu a gefe da gefe su ɗauki farantin sitiyari, kada a kafa sanda ɗaya a tsakiyar ƙafafu, domin za ta riƙa tare ka duk lokacin da za ka koma birki. A tokare kowace ƙafa da wani ƙarfe a karkace, shi ne ke hana rawa. Farantin abin takawa a ɗan kishingiɗa shi, a huda masa ramuka da yawa a jere don a iya matsar da shi. G29 yana da ramukan ɗauri a ƙarƙashinsa, a yi amfani da su a ɗaure da ƙusa mai zare, ya fi maƙalawa. A raba ginin gida biyu da za a haɗa da noti, don ya shige ƙofar ɗaki kuma ya hau mota idan za a kai shi wani gari. A cire kujerar a ajiye nesa kafin a kunna wuta, soso ba ya shiri da tartsatsi. A ƙarshe a goge kaifin ƙarfe saboda yara, a shafa fenti saboda tsatsa, a sa guntun tsohuwar taya a ƙarƙashin ƙafafu don kada ya ci siminti. Wanda ba shi da kuɗin ƙarfe, kafinta ma zai iya da katako mai kauri, sai dai a kula da gara. Lokacin hunturu kuma a riƙa rufe sitiyari da tsohon zani, ƙura ce babbar abokiyar gabarsa.

Mun san za a ce mana ai na kamfani ya fi kyau, kuma aikin gida ba ya fita daidai. Akwai gaskiya a ciki. Ginin alminiyom na kamfani ana iya matsar da kowane sashe nasa yadda aka ga dama, kuma wanda ya sayi sitiyari mai ƙarfin gaske, irin na Fanatec ko Moza da injinsa ke haɗe kai tsaye da sitiyarin, ko birki mai auna nauyin taku, dole ya nemi gini wanda ba ya gezau. Amma mu nawa ne a Bagwai muka kai can? Wanda ya kai ma, ƙarfen da aka yi wa walda da kyau zai ɗauke shi. Maganar rashin fita daidai kuwa, mai waldar da ke haɗa garmar shanu da amalanke da ƙofar gida, waɗanda ke shekaru suna shan wahala, ba kujerar zama ce za ta gagare shi ba. Yawanci matsalar daga mai ba da aiki take, bai yi awo ba kuma bai tsaya ba. Idan na farko ya ɗan karkace, gyaransa tafiyar minti goma ce a babur. Kuɗin kuma ya tsaya a garinmu, yaron shagon ya koyi sabon aiki da gobe wani daga Bichi ko Shanono zai zo nema.

Akwai kuma masu cewa duk abin almubazzaranci ne. Ga wanda zai ci bashi, ko ya sayar da takin gonarsa, ko ya taɓa kuɗin makaranta saboda gem, muna tare da su ɗari bisa ɗari. Shi ya sa muke cewa kujera ce ta ƙarshe a layi. A fara da tambayar wuta: PS5 tana jan kusan wat 200 idan ana wasa, ga talabijin, ga sitiyari. Idan babu sola da batir da za su ɗauka, kuma man janareto ya zama abin da ya zama tun cire tallafi a Mayun 2023, kujerar za ta koma wurin rataye kaya. Sannan a tabbatar sitiyarin yana shiri da na'urar da ake da ita: G29 na PlayStation da kwamfuta ne, ɗan'uwansa G920 na Xbox da kwamfuta. Sai a ɗaure shi a tebur a yi wata biyu ana bugawa. Idan bayan nan sha'awar tana nan, to a nemi mai walda. Idan ta mutu, an tsira da kuɗi.

Mafi dacewa da mu ma shi ne haɗaka. Samari huɗu ko biyar su haɗa ɗaya, ko mai gidan gem ya ajiye ɗaya a gefe ana biyan kuɗin zagaye kamar yadda ake biyan na ƙwallo. Wanda ba ya son tsere ya ja tirela a Euro Truck Simulator 2, ya koyi haƙurin yin ribas da doguwar mota. Muna ganin akwai wani alheri a nan da ba a cika faɗa ba. Kowa ya san wasan mota da babur da samari ke yi ranar ɗaurin aure, ya kuma san gidajen da murna ta koma makoki saboda shi. Jinin ƙuruciya yana son gudu, faɗa kaɗai bai taɓa hana shi ba. Gara ya ƙare a gaban talabijin, inda motar da ta wuntsila ake danna maɓalli ta tashi. Sai dai a faɗa wa yaro gaskiya tun wuri: gem ba ya ba da lasin, kuma a hanyar Bichi zuwa Bagwai akwai rami da shanu da ɗan makaranta mai tsallaka titi, waɗanda babu maɓallin da ke dawo da su.

Saboda haka, duk wanda bidiyon nan ya shiga ransa, ya riƙe kuɗinsa tukuna. Ya lissafa wutarsa, ya gwada sitiyarinsa a tebur, ya shiga Ƙofar Ruwa ya zauna a kujera biyar kafin ya zaɓi ɗaya, sannan ya ɗauki tef ɗin awo ya nufi shagon walda. Idan akwai wanda ya riga ya haɗa tasa a cikinmu, ko mai walda ne da ke ganin mun bar wani abu a awon, muna sauraron gyara.

Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.