Kano Pillars: Koci ake kora, amma wa ke lissafin kilomitocin da 'yan wasa ke ci a mota?

A gidajen kallon ƙwallo na Ƙofa da Bebeji da Kiru, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, muhawara kan halin da Kano Pillars ke ciki a kakar 2025/2026 ta rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na ganin matsalar a benci take: mai horarwa bai iya canji ba, ba shi da dabarar wasan waje, ya jingina da tsofaffin 'yan wasa. Ɗaya ɓangaren na cewa yaran a gajiye suke, duk wanda ya lura da yadda ƙafarsu ke mutuwa a mintuna ashirin na ƙarshe ya san haka. Masu ra'ayin farko sun fi yawa, sun kuma fi ƙarfin murya, domin koci mutum ne mai suna da fuska, ana iya yi masa ihu. Gajiya kuwa ba ta da ofishin da za a je a yi mata zanga-zanga.

Hukumar gudanarwar ƙungiyar ma ta fi sauraron ɓangaren farko. Daga 2020 zuwa yau, Lionel Soccoia ɗan ƙasar Faransa ya zo ya tafi, Salisu Yusuf ya zo ya tafi, an sha kiran Ibrahim Musa Jugunu ya riƙe ƙwarya, sannan Abdu Maikaba, sannan Usman Abdallah wanda aka dakatar na wasu makonni a farkon 2025, sannan Evans Ogenyi wanda shi ma dakatarwa ta riske shi kakar ba ta yi nisa ba. Waɗannan mutane ba tarbiyyar ƙwallo ɗaya suka samu ba, salonsu ma ba ɗaya ba ne. Idan aka sauya direba sau shida mota ba ta daina tsayawa a hanya ba, ya kamata a buɗe injin a duba.

Gasar Firimiyar Najeriya ƙungiyoyi 20 ke bugawa, kowace na da wasa 38, rabinsu a waje. Galibin tafiye-tafiyen nan ta mota ake yin su. Daga Kano zuwa Fatakwal ya haura kilomita 1,000, zuwa Legas ma kusan haka ne. A ɗauka an buga wasa ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma a Fatakwal, an tashi gab da magariba. Tafiyar dare ganganci ce, don haka sai asubahin Litinin za a kama hanya, a yada zango a Lokoja ko Abuja, a shigo Kano ranar Talata. Idan makon na da wasan tsakiyar mako, Laraba ke nan za a sake shiga fili. Masana lafiyar 'yan wasa sun daɗe da nuna cewa tsokar ɗan ƙwallo na buƙatar kwana biyu zuwa uku kafin ta murmure bayan cikakken wasa, kuma a watan Yulin 2025 hukumar FIFA ta sanar da matsayar cewa a riƙa barin aƙalla awa 72 tsakanin wasa da wasa. A kan takarda, Lahadi zuwa Laraba ya cika wannan sharaɗi. Amma awa 72 da aka cinye fiye da rabinsu ƙafa a naɗe cikin mota, ana cin abin da aka samu a bakin titi, ba hutu ba ne. A ɗora zafin Maris da Afrilu da ke kai maki 40 a ma'auni, a ɗora azumi idan ya faɗo cikin kaka kamar yadda ya yi a 'yan shekarun nan.

Ko a ƙasashen da kuɗi ya zauna wa wasanni, nisa abin lissafi ne. A gasar ƙwallon Ostireliya ta AFL, wadda dokokinta suka sha bamban da tamaular da muka sani, 10 daga cikin ƙungiyoyi 18 a jihar Victoria suke. Ƙungiyoyin birnin Perth guda biyu, West Coast Eagles da Fremantle, sun shafe shekaru suna kukan cewa yawan zirga-zirga zuwa gabashin ƙasar na cin jikin 'yan wasansu. Su fa jirgin sama suke hawa, tafiyar 'yan awanni kawai.

Sai dai hujjar gajiya ita kaɗai ba ta isa ba, kuma masu zargin koci suna da gaskiya idan suka ce uzuri ne mai sauƙin kamawa. A kan waɗannan hanyoyin Pillars ta ci kofin gasar a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, ta sake ci sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Titunan wancan lokaci ba su fi na yau kyau ba. El-Kanemi Warriors da ke tasowa daga Maiduguri ta fi Pillars cin hanya, su ma ƙungiyoyin kudu sai sun hauro arewa. Akwai kuma abin da yake aikin koci ne tsantsa: hutar da ɗan wasa kafin ya karye, amfani da damar canji biyar da doka ta bayar, da ƙarfin halin ajiye babban suna a benci. Rabi'u Ali ya haura shekara 40 yana taka leda, abin jinjina ne a gare shi. Amma ƙungiyar da har yanzu take ɗaga kai ta neme shi duk lokacin da wasa ya cije, ta nuna cewa ba ta yi tanadin magaji ba.

To me ya sauya tsakanin wancan zamani da yau? Gida ne ya suɓuce. Laƙabin Sai Masu Gida ba kirari ne na banza ba: Pillars ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida a wasan gasar ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi. Tsarin a bayyane yake. A tara maki a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, a kwana a gida, a huta mako guda cikin biyu, abin da aka tsinto a waje riba ne. Wahalar hanya tana da magani muddin rabin kaka a gida ake yin ta.

A 2020 aka mayar da filin cibiyar killace masu cutar korona, ƙungiyar ta koma buga wasannin gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, tafiyar sama da kilomita 200. Da aka dawo Kano a watan Afrilun 2022, a wasa da Katsina United rikici ya ɓarke, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci tarar ƙungiyar, ta cire mata maki uku, ta tura ta Abuja. Wata biyu bayan haka shugaban ƙungiyar na lokacin ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a karawa da Dakkada, aka sake zaftare maki. A ƙarshen kakar Pillars ta faɗa ajin 'yan dagaji. Ta dawo a 2023. Ranar 12 ga Oktoban 2025 kuma, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe aka tashi 1-1, wasu 'yan kallo suka kutsa fili suka far wa alƙalai da 'yan wasan baƙi. Hukuncin: tarar naira miliyan 9.5, cire maki uku da ƙwallaye uku, rufe filin ga magoya baya, da mayar da wasannin gida Katsina.

Nan ne muhawarar gidajen kallo ba ta son tsayawa. Mai jifa da dutse yana ganin kishin ƙungiya yake yi, alhali shi ne ya ƙara wa ɗan wasan da yake so tafiyar kusan kilomita 170 zuwa Katsina, da wata 170 ta dawowa, a makon da ya kamata ya kwana a ɗakinsa. Wasan gida ya zama wasan waje, kaka ta zama tafiya daga farko har ƙarshe. Bayan 'yan makonni sai a ce koci ya gaza. An bar jaki ana dukan taiki.

Mutanen Kano ta Kudu sun fi kowa sanin hanyar da ake magana a kai, domin ta ƙofar gidansu ta bi. Duk motar da ta nufi kudu daga Kano sai ta zo Kwanar Ɗangora, ko ta miƙe Zariya da Kaduna da Abuja, ko ta karya ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Jos. Sun kuma san abin da ya faru ranar 31 ga Mayun 2025 a gadar Ciromawa, can kusa da su a kan titin Kano zuwa Zariya. Motar da ta ɗauko tawagar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada, mutum 22 suka rasu a ƙidayar gwamnatin jiha, saura ƙiris su iso gida. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta alaƙanta haɗarin da gajiyar direba da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Waɗanda suka rasu ba 'yan Pillars ba ne, amma jiha ɗaya suke wakilta, kuma irin lissafin da ya ɗora su a mota tun daga Abeokuta shi ne yake ɗora 'yan ƙwallo a mota duk bayan mako biyu. Ita kanta Pillars ta taɓa ɗanɗanawa: a watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motarta wuta a yankin Abaji a kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A 2021 motar Wikki Tourists ta Bauchi ta ƙone ƙurmus a Hawan Kibo. Idan ana maganar gajiya a wasannin Najeriya, abin da ke kan sikeli ya wuce maki uku.

Wa ke yanke hukuncin a hau mota ko a hau jirgi, a kwana a hanya ko a zarce, a ɗauki direba biyu ko ɗaya, a biya alawus a kan kari ko a bar shi ya taru? Babu ɗaya daga ciki da yake hannun koci. Kano Pillars mallakar gwamnatin jiha ce, gwamna ke naɗa masu tafiyar da ita, daga baitulmalin jiha ake ciyar da ita. Kowace sabuwar gwamnati kan zo da nata mutanen, su kuma su zo da nasu kocin, shi ma ya zo da nasa 'yan wasan. A watan Yulin 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, alhali yana cikin masu buga mata wasa. Babu mai shakkar ƙaunar da yake yi wa Pillars, shi ne ma ya fito ya ba da haƙuri bayan rikicin Oktoba. Amma tsarin da ya sa ɗan wasa ya zama shugaban kocin da zai yanke ko ya buga ko ya zauna a benci, tsari ne da ke ɗaure hannun kowane mai horarwa, komai ƙwarewarsa.

A kwatanta da Remo Stars ta Ikenne, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka. Ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, ba ta kori Daniel Ogunmodede ba, a 2025 ta ɗauki kofin a karon farko. Gaskiya ne mai ƙungiyar yana da kamfanin jiragen sama, abin da ba kowa zai samu ba. Haƙurin barin koci ɗaya ya yi shekara uku yana gini kuwa ba ya buƙatar jirgi. A Kano ma yanzu akwai abin aunawa a kusa, tunda Barau FC ta Sanata Barau Jibrin ta hauro gasar a 2025. Magoya baya za su riƙa kwatanta ƙungiyar gwamnati da ta ɗan siyasa ɗaya, kuma da wuya wannan kwatance ya tsaya a kan ƙwallo kaɗai yayin da 2027 ke ƙaratowa.

Matashin Doguwa ko Kiru yana da haƙƙin tambaya fiye da yadda yake zato. Ƙungiyar ta ƙananan hukumomi 44 ce, kuɗin da ake kashe mata nasa ne kamar yadda yake na ɗan Fagge ko Gwale, duk da cewa kafin ya ga wasa ɗaya ido da ido sai ya biya kuɗin mota zuwa birni ya dawo cikin dare. Yankin nan ba baƙo ba ne a siyasa mai zafi, ya fitar da 'yan majalisar tarayya irin su Abdulmumin Jibrin Ƙofa da Alhassan Ado Doguwa, waɗanda duk ƙasar ta san muryarsu. Sai dai wannan batu ba na Abuja ba ne. Kasafin ma'aikatar matasa da wasanni a Majalisar Dokokin Jihar Kano ake kare shi, kuma Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kowace tana da kujera a zauren.

A can ya kamata a nemi alƙaluman: nawa aka ware wa tafiye-tafiyen Pillars, nawa aka saki, wasa nawa cikin 19 na waje aka je ta jirgi, likita da masu kula da motsa jiki nawa ke bin tawagar, nawa aka biya kociyoyin da aka sallama kafin wa'adinsu ya cika, kuma daga wane aljihu tarar naira miliyan 9.5 ta fito. Haka nan a tambayi wace doka aka kafa kan tafiyar dare da yawan direbobi ga duk tawagar da ke ɗauke da sunan jihar tun bayan haɗarin Ciromawa.