Amalanke Ba Ta Hayaƙi

Duk taron da aka kira kan ɗumamar yanayi, waƙar ɗaya ce: a rage shimfiɗa sababbin hanyoyi domin hanya ce ke kiran motoci, kowa ya koma motar lantarki. A Turai zancen na da makama. Amma wanda ya kinkimo shi ɗungurungum ya kawo Gangara, ko ƙauyukan Agye da Gidan Rumji a jihar Maraɗi ta Nijar, bai taɓa tsayawa jiran mota ranar kasuwa ba.

Hayaƙin wa za a rage? Ɗan Nijar na fitar da kusan kashi ɗaya cikin goma na tan ɗin hayaƙin kabon a shekara, Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Manomin da ke kai buhun aya ko wake Gazawa a amalanken shanu bai ci bashin kowa ba. Shi ma ke bin duniya. Tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon itace ya girma a gona maimakon a sare shi. Garin Ɗan Saga da ke yankin Agye ya yi suna a kan haka, kuma a faɗin ƙasar an raya itatuwa kusan miliyan 200 a kadada miliyan 5. Gawon da ke tsaye a gonar gero yana shan hayaƙin da ba mai gonar ya fitar ba.

Motar lantarki kuma da wace wuta? A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha. Wanda ke biyan kuɗi a caja masa waya a shago ne za a ce ya caja mota?

Hayaƙinmu na gaske yana inda kwalta ta ƙare. A sauka daga babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da damina a gani: tsohuwar mota ta yi lodi har sama, ta kafe a taɓo, direba na taka giya ɗaya, baƙin hayaƙi na turnuƙewa, yaran mota na tona ƙarƙashin taya. Gazuwal ya ƙone, tafiya ba ta yi taku ɗaya ba. Ɗan kabu-kabu da ke zagaye kwazazzabo saboda babu gada yana ƙona man tafiya biyu a tafiya ɗaya. Hana irin waɗannan wurare hanya da sunan kare yanayi ƙara hayaƙi ne.

Su kansu motocin daga ina? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari suka sauka Afirka. Sun share gidansu, sun zubo mana sharar, yanzu kuma suna mana wa'azin tsabta.

In da gaske ake, a ƙayyade shekarun motar da za ta shigo ƙasa, a yi wa hanyoyin karkara tsakuwa da gadoji, a hana 'yan kwangila tumɓuke itatuwan bakin hanya ba tare da dasa wasu ba. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka ɗora tubalinsa a 2021 shi ma a kammala shi, ya sauke wa manyan motoci kayan da suke ja ta Jibiya.