A Buɗe Mana Ma'aunin Tantancewa

Duk saurayin da ya taso daga Ikara, ko Makarfi, ko Kudan yana neman aikin soja ya san wahalar takardu. Sai ya sami hannun Ƙaramar Hukuma, ya sami na 'yan sanda, ya kawo mai tsaya masa. Bayan duk wannan sai a ce ana binciken halinsa. Da wane ma'auni? Babu mai faɗa masa.

Mu ɗauki yaron da ya taɓa jan motar rake a hanyar Tashar Yari, aka kama shi a buge, ya biya tara, ya tuba, shekaru suka wuce. In ya faɗi gaskiya, shin za a yafe masa ko za a kore shi? Tun da bai sani ba, sai ya ɓoye. Ashe hukuma da kanta take koya wa 'ya'yan talakawa ƙarya.

Jama'a, ku dubi Amurka. Takardar da mai neman amanar asirin gwamnati yake cikawa tana tambayarsa ƙarara ko an taɓa tuhumarsa da laifin da ya shafi giya. Ƙa'idodin hukunci guda 13 ne, a rubuce, waɗanda suka fara aiki a 2017, kowa yana iya karantawa. Sun ce in laifin ya daɗe, bai maimaita ba, ya amsa ya kuma gyara halinsa, ana iya ba shi amana. Amma wanda ya yi ƙarya a takardar, doka ta ba da ikon ɗaure shi har shekara 5. Dalili kuwa a fili yake: mai ɓoyayyen laifi, duk wanda ya san sirrinsa ya riƙe masa wuya. In an hana mutum, sai a rubuta masa dalili, ya kuma ɗaukaka ƙara.

Mu fa? A watan Agusta na 2023 Majalisar Dattawa ta amince da ministoci 45, ta ajiye uku, cikinsu har da tsohon Gwamnan Kaduna, Malam Nasiru El-Rufa'i, wai ana jiran rahoton tsaro. Ba a karanta wa jama'a rahoton ba. Ba kare shi muka zo yi ba. Abin da muke cewa shi ne, in za a yi wa mai gwamna haka a ɗaki rufe, ina ga ɗan manomin tumatir na Ikara?

Ba mu goyon bayan mashayi a kan sitiyari, don rayuka yake ɗauka. Amma wanda ya tuba ya faɗi gaskiya ya fi mai uban gida da aka goge wa fayil.

Saboda haka muna kira ga wakilanmu na Makarfi da Kudan, da na Ikara da Kubau, su kai wannan magana Majalisa. A buga ƙa'idodin, har da Hausa. A rubuta wa wanda aka hana dalili. A ba shi wurin kai kuka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kada hukuma ta zama ita ce mai haƙa shi.