Gawayin Salkadamna: a auna iska kafin a shiga rami

Jama'a, an daɗe ana maganar haƙar gawayin ƙasa a Salkadamna, nan jihar Tawa. In aikin ya kankama, samarinmu na Ƙonni, Malbaza da Illela za su tafi nema. To, wa zai riƙa duba ramukan?

Ba mu manta Ɗan Isa ba: a Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta, aƙalla mutum 18 suka rasu. Ramin gawayi mai zurfi kuwa yana tara iskar gas marar wari, ƙyastu ɗaya sai gobara. Ƙurarsa ma tana cin huhu sannu-sannu.

Muna kira ga magabata: a auna iska kullum kafin shiga, a sa manyan fankoki, kuma mai binciken kada albashinsa ya fito daga aljihun kamfani.