WASIƘA DAGA ALƘAHIRA: Motar Farauta

Wannan wata zancen mota za mu yi, ko da ya ke ni malamin allo ne, ban taɓa riƙe sifana ba.

Dalili kuwa, wani tsohon almajirina, wanda yanzu ya ke aikin fita a Magazin ta Suwame a Kumasi, shi ya aiko mini da takarda. Da ajami ya rubuta ta, ya ɗauki hotonta da waya ya turo, na kuwa ji daɗi da na ga hannunsa bai lalace ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, shekara uku ina tara 'yan kuɗi. Ina so in haɗa wata ƙaramar mota da hannuna, marar rufi, mai ja da ƙafa huɗu, mu riƙa shiga dajin arewa da ita farauta. An ce mutanen Masar sun san motar hamada. Don Allah a tambayo mini."

To, ɗana, na tambayo. Na kuma ga ya kamata in ba ka amsa a nan, gama na san ba kai kaɗai ke da wannan niyya ba.

Ran Alhamis, da ya ke ba karatu, na tafi Hirafiyyin, watau unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a gefen Alƙahira ta arewa maso gabas. Ita ce Suwamensu. Na sami wani dattijo mai walda, na ba shi labari. Ya ce in gaya maka abu uku. Na fari, ka cire ƙashin motar da aksul na gaba da na baya duk daga mataccen mota guda, gama in haƙoran giyar gaba da na baya ba su yi daidai ba, ƙafafun za su riƙa jayayya da juna har wani abu ya karye. Haka kuma tayoyi huɗun su zama girmansu ɗaya. Na biyu, kada ka ɗaga ta sama ƙwarai don kwalliya. Mota mai tsawo da ƙunci saurin kifewa gare ta, saboda haka ka yi mata keji na bututun ƙarfe mai kauri bisa kan mazauna. Na uku, ko za ka yi arha a kome, ban da birki da sitiyari, kada kuwa ka yarda a yi wa ƙarfen sitiyari walda.

Bayan wannan na bi labarin waɗanda suka yi irin wannan aiki a garin nan. A 1926 aka kawo wani hafsan sojan Ingila Masar, sunansa Ralph Bagnold. Shi da abokansa suka riƙa sayen ƙananan motocin Ford, suna gyara su da kansu, in sun sami hutu su shiga hamada. A 1929 suka kutsa cikin babban tekun rairayin da ke yamma da Masar, inda a da a ke cewa mota ba ta shiga. A 1932 kuwa suka yi tafiyar mil 6,000, daga Alƙahira har Fashir ta ƙasar Darfur, suka komo.

Dabarunsu ba masu tsada ba ne. Su kan rage wa taya iska don ta baje bisa rairayi. Su kan ja bututu daga lagireto zuwa wani gwangwani mai ruwa rabi a gefen mota. In injin ya tafasa, tururi ya shiga gwangwanin ya koma ruwa, in ya huce ya zuƙo abinsa, ba a yi hasarar ruwa ba. In mota ta kafe, sai su cusa wasu dogayen ƙarafa masu kamar indararo ƙarƙashin taya ta hau. Ƙarafan nan kuwa a wajen 'yan gwangwan na Alƙahira aka tsinto su, ragowar kayan Yaƙin Duniya na Farko.

Ga inda na ke so ka saurara da kyau. Da aka sa Bagnold ya kafa rundunar sintirin hamada a Alƙahira a 1940, motocin Chevrolet masu ja da ƙafa biyu ya zaɓa, aka cire musu ƙofofi da rufi da gilashi don su yi sauƙi. A 1941 aka ba su Ford masu ja da ƙafa huɗu, sai ga shi sun fi nauyi, suna kuma shan mai kusan ninki biyu. A 1942 suka komo wa masu ƙafa biyu. Ashe rashin nauyi da sanin hanya sun fi yawan giya. Sai dai dajinmu ba rairayi ba ne, laka ce da damina, ciyawa da rani. A laka ƙafa huɗu na da rana. A ciyawa kuwa ka sa wa lagireto raga, ka kuma riƙa duba ƙarƙashin mota, gama busasshiyar ciyawa in ta naɗe a salansa gobara ce.

Ba na shakkar za ka iya. A 2013 mafitan Suwame, tare da waɗansu mutanen Holan, sun haɗa wata mota da tsofaffin ƙarafa cikin wajen wata uku, suka sa mata suna SMATI Turtle, har aka kai ta Turai aka nuna. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amma zancen barewa ya kawo mu ga abin da ba ka tambaya ba. Hanyar da motocin nan suka buɗe, mafarauta sun bi ta. Da can maharbi a ƙasa ya ke tafe, ko bisa raƙumi, ya yi sanɗa wuni guda ya sami ɗaya, saura su tsere su hayayyafa. Da mota da bindiga suka haɗu, sai aka riƙa bin garke har ya gaji ya faɗi. Barewa ta fi mota zafin gudu a tashin farko, amma ita tana gajiya, mota ba ta gajiya. Yau a Masar sai ka yi nisa ƙwarai kafin ka ga sawun barewa. Mariri kuma, farin naman dajin nan mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu, wanda ya ke yawo garke garke a Nijar da Cadi, a shekarar 2000 aka yi shelar ya ƙare a daji ƙaf, sai na gidajen ajiyar dabbobi. Fari da yaƙi sun taimaka, amma farauta da mota na cikin manyan dalilai. Sai a 2016 aka ɗauko waɗansu a jirgin sama daga Abu Dabi aka sake su a Cadi, ana gadinsu, suka fara haihuwa. Ku dubi wannan wahala, jama'a: abin da kakanni suka samu kyauta, jikoki sun yi masa hayar jirgi!

Kai ma ka karanta Risala a gabana, ka san hukuncin da ke cikinta: farauta don neman abinci halal ce, don wasa kuwa makaruhi ce. Hukuma ma tana da nata. Tun dokar 1971 Gana ta sa watannin hani, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da namun daji ke da ciki da goyo, gandun Mole kuwa ba a farauta cikinsa sam. Kafin ka ɗauki bindiga, je ofishin ma'aikatan daji ka ji abin da doka ta ce bana, ka yanki lasin. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Shawarata ke nan. Haɗa motarka, amma ka yi mata akwati a baya maimakon kujerar maharbi. Akwai ƙauyuka a arewa inda doya da kaɗanya ke lalacewa don babbar mota ba ta isa, akwai mai naƙuda da a ke ɗauka bisa babur zuwa asibiti. Nan kuɗinka na shekara uku za su komo, har da lada. Ran da ka yi marmarin farauta, bar ta a bakin daji, ka sauka ka taka da ƙafarka kamar mazan jiya. In ka samu, ka yi bisimilla, ka aika wa tsohuwarka da cinya. In ba ka samu ba, ka bar wa ɗanka ke nan.

In ka gama ta, turo mini hoto in kai wa dattijon Hirafiyyin, ya ce yana so ya ga aikin mutanen Kumasi. A gai da Sarkin Zango da limamai da dukan jama'a. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.